Sandar da Ta Sauya Hannu

Ranar Litinin da hantsi Baba, wani dattijo a layin, ya faɗo daga bene, matakala goma sha huɗu, ya karye a ƙugu, kansa ya bugu har ya daina gane mutane. Kafin Laraba babu wayar da ke layin da ba ta ɗauke da bidiyon faɗuwarsa, wanda kyamarar tsaron gidan ta ɗauka. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne kacal. Ana ganin tsohon ya tako a hankali zuwa bakin matakala, sai ga mai jinyarsa, wadda kowa ke kira Nas, ta fito daga ɗaki a guje. Hannayenta biyu suka sauka a bayansa, ya tafi.

Mutanen layi ba su tsaya wata-wata ba. Mai shagon da ke kan kwana ya ce shi dama idonta bai taɓa kwanta masa ba. Mai sayar da ƙanƙara ta ce gaisuwar Nas ta cika yawa, kuma duk mai yawan gaisuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Ranar Alhamis da safe 'yan sanda suka tafi da ita.

Da rana mijinta, wani mai walda, ya shigo shagon Almakashi.

Almakashi ya yi shekara ashirin da biyu yana tace labarai a gidan talabijin kafin ya ajiye aiki ya buɗe ɗan shago tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Sunan ya bi shi ne saboda yakan datse jawabin awa guda ya koma minti biyu, mai jawabin ya kalla bai gane an taɓa shi ba. Yana cewa duk inda aka yanka sai an bar sawu, kuma bin sawun ya zame masa ciwo. Iyalinsa ma sun daina kiransa kallon fim, don minti biyu ba ya cika bai ce, "Nan sun yanke" ba.

Mai walda ya ajiye wayarsa a kan tebur kamar mai ajiye garwashi.

"Malam, an ce kana ganin abin da mutane ba sa gani. Ka duba min. In ma ita ce ta tura shi, ka faɗa min, in san abin da zan gaya wa yarana."

Almakashi ya zuba bidiyon a kwamfuta, ya shimfiɗa shi a kan layin aiki, dogon layin nan da ake jera guntayen bidiyo a kai ana datsewa ana haɗawa. Ya kalla sau ɗaya da gudunsa. In da ido kawai za a bi, turi ne. Sai ya faɗaɗa layin har kowace daƙiƙa ta rabu gida ashirin da biyar, ya fara bi hoto bayan hoto.

A daƙiƙa ta shida ya tsaya. Ya koma baya hoto ɗaya, ya dawo gaba, ya sake komawa.

"Matso ka gani. Sandarsa a wane hannu take?"

"Dama."

Ya danna sau ɗaya. "Yanzu fa?"

"Hagu. To, ai sauya hannu ya yi."

"Tsakanin hoton nan da wancan ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Ni da nake lafiya lau ba zan iya ba, balle mai shekara tamanin. An cire wani abu a nan, aka haɗa baki da baki."

"Me aka cire?"

"Da na sani, da yau matarka a gida za ta kwana."

* * *

Sufeton da ke riƙe da maganar, shi da Almakashi tsohon sani ne. Tun lokacin da Almakashi ke gyara musu bidiyon fareti yana ɓoye tumbin manyansu suke mutunci. Ya ba shi minti goma da Nas.

Tana zaune a kan benci, idanunta sun kumbura, hannayenta a cinya kamar ba nata ba.

"Ina banɗaki ina wanke masa tawul, famfo a buɗe," ta ce. "Na ji ana ɗaga murya. Ta Baba na gane, ɗayar ruwa bai bar ni na tantance ba. Da na leƙo sai na gan shi a bakin matakala yana tangal-tangal. Na ruga in riƙe shi. Rigarsa kawai na samu."

"Wa kika gani ban da shi?"

"Ba kowa."

"Wa ke gidan?"

"Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Tana ɗakinta na ƙasa tana ɗaukar takalman da take sayarwa a bidiyo. Sai babban ɗansa, Yaya Babba, ya shigo ta ƙofar waje, ya ce isowarsa ke nan."

"Kin gaya musu murya biyu kika ji?"

"Na faɗa. Suka miƙo min waya, suka ce in nuna musu mai ta biyun."

A bakin ƙofa Sufeto ya saurari zancen sanda yana sosa haɓa.

"Almakashi, sanda ta sauya hannu ba hujja ba ce. Kyamarorin nan suna sarƙewa. Ka kawo min na asali, ko ka kawo min wanda ya yanka."

* * *

Mai aski ne ya ba shi zare na farko. Ya ce ranar Talata ya ga babur ɗin mutumin da ya saka kyamarorin gidan a ƙofar Baba, kuma ai kowa ya san irin waɗannan daga wayarsu suke leƙen gidajen mutane.

Almakashi ya sami mai kyamarar a kan tsani a wani kanti, waya a baki.

"Rabona da gidan tun bara," ya ce, bai ko sauko ba.

"To babur ɗinka ya iya hanya, don ranar Talata ya je shi kaɗai."

Mai kyamara ya sauko. Gumi ya karyo masa duk da fankar da ke kaɗawa a kansu. Ya yi rantsuwa, ya koma ya warware, daga ƙarshe ya ja Almakashi gefe.

"Don Allah ka rufa min asiri. Na ce musu katin da na sa yana riƙe hoton wata guda, alhali na kwana uku ne. Da na ji abin da ya faru, na san za a nemi kati, shi ne na je in musanya. Na tarar ramin a buɗe, babu komai a ciki. An riga ni."

Almakashi ya nuna masa bidiyon. Mutumin ya kalla, ya yamutsa fuska irin ta mai sana'a da aka ɓata wa aiki.

"Wannan ba haka yake fita daga kyamarata ba. Ina agogon? Nawa duk suna rubuta rana da lokaci a kusurwar sama. Kuma suna ɗaukar murya."

Wato an matso da hoton don agogo ya fita, an kuma kashe sautin. Almakashi ya bar shi yana share goshi. Mutumin maƙaryaci ne, amma ƙaryarsa ba ta kai girman wannan ba.

* * *

Ranar Juma'a da safe ya je gidan. A tsakar gida akwai tsohuwar mota an lulluɓe ta, tayoyinta fes kamar ana shirin fita da ita. A barandar ƙasa kwalayen takalma ne jere har kusan rufi.

Yaya Babba, manaja a wani kamfanin jigilar kaya, ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi. Idanunsa sun yi zuru-zuru, amma wanda ubansa ke kwance a asibiti ba a tambayarsa dalilin rashin barci.

"Ni na ciro katin," ya ce ba tare da an matsa masa ba. "Na sa a kwamfutar Auta, na kwafo abin da na gani, na tura wa 'yan uwa. Iyakar abin da na iya ke nan. Ni ko hoton yarana sai an nuna min inda zan danna."

"Katin fa?"

"Na bar shi a teburinta. A ranar gidan nan cike yake da mutane, Allah kaɗai ya san inda ya shiga."

Auta tana tsaye a ƙofar ɗakinta, rungume da kwamfutar a ƙirji. Almakashi ya gaishe ta, ya nemi ta ara masa ita minti biyar.

"Ta lalace," ta ce.

"Tun yaushe?"

"Jiya."

Fitilar kwamfutar tana ƙiftawa a ƙarƙashin hannunta. Ta ga ya gani. Ta juya ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Yana fita, ƙanwar Baba, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta tare shi a soro. Ita ce ta fi kowa zafi a kan Nas, amma bakinta ba ya riƙe magana ko a kan wa.

"Ai Auta da matar nan ba sa ga-maciji. Kullum faɗa a kan kwalayen takalma, wai za su kayar da tsoho. Har sama take kai su. Amma kai mene ne naka a ciki? Ido ya gani, me ya rage?"

Almakashi ya koma shago da Auta a ransa. Kwamfutar tata ce, ita ta iya aikin, tana gidan a lokacin, ga kuma tsohuwar gaba. Ƙila kwali ne ya harɗe tsohon. Ƙila ma murya ta biyun tata ce.

Ya sauko da tallanta guda takwas daga intanet ya jera su a layin aiki, ya sa bidiyon faɗuwar a ƙarƙashinsu. Kowane talla nata launinsa ya ɗan yi ja-ja don fata ta yi kyau, kuma kowanne yana ƙarewa da duhu mai saukowa a hankali na rabin daƙiƙa. Bidiyon faɗuwar ma haka, ja-ja ne, kuma da duhun ya ƙare. Kyamarar tsaro ba ta san wannan kwalliya ba. Babu shakka a cikin shirin kwamfutar da Auta ke zuba tallanta aka yi aikin.

Har ya ɗauki waya zai kira Sufeto, sai ya ajiye. Ya koma kan tallan yana bin haɗinta ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar gwana ce. In hannu ya ɗaga takalmi a guntu ɗaya, a daidai wurin yake sauke shi a na gaba, sai da ya ƙura ido kafin ya ga ɗinkin. Mai irin wannan hannun ba za ta bar sanda ta yi tsalle daga dama zuwa hagu ba. Ba kuma za ta manta da duhunta na ƙarshe ba, wanda ya zama kamar sa hannunta. Wanda ya yi wannan yanka bai ma san duhun yana wurin ba.

"Takalminta aka saka," ya ce da kansa, "amma tafiyar ba tata ba ce."

* * *

Da yamma ya same ta a baranda tana liƙe kwali.

"'Yata, ba ke kika yanka ba. Na ga aikinki, ba kya yin ƙazamin haɗi irin wannan."

Hannunta ya tsaya a kan kwalin.

"Wanda ya yi, ya goge bidiyon da ya fitar, ya ɗauka ya gama. Bai san shirin yana ajiye nasa kwafin ba. Aikin yana nan a ciki, ko?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin ja bakin guntun, kin ga abin da aka yanke?"

Hawaye suka zubo mata ba tare da ta yi sauti ba.

"Malam, tun da mahaifiyarmu ta rasu gidan nan da ƙyar yake tsaye. In wannan ya fita, shi ke nan."

"Na sani. Amma akwai wani gidan a bayan kasuwa, yara uku, kwana biyu ke nan ubansu yana ce musu uwarsu ta yi tafiya. Ba zan ƙwace miki kwamfuta ba, ba ni da wannan ikon. In kin goge ma ba abin da zan iya yi. Gobe da ƙarfe goma zan zo da Sufeto."

Ya tafi bai san abin da zai tarar ba.

* * *

Ƙarfe goma na Asabar falon ya cika. Sufeto yana kujerar tsakiya, Gwaggo a kan darduma tana hararar mai walda, wanda ya ƙi zama. Mai kyamara ya maƙale kusa da ƙofa. Yaya Babba yana ta duba agogo, ya ce ana jiransa a asibiti.

Auta ce ta shigo ƙarshe. Ta ajiye kwamfutar a gaban Almakashi, ta buɗe, ta koma bango ta tsaya, ba ta kalli kowa ba.

Ya haɗa ta da talabijin ɗin falon. Layin aiki ya bayyana, guntaye biyu manne da juna.

"Ga abin da duk kuka gani," ya ce. "Guntu biyu ne, ba ɗaya ba. Datsewa a nan ba irin ta tela ba ce. Abin da ka yanke ba ya faɗuwa ƙasa a share. Naɗe shi ake yi a ƙarƙashin baki, in ka ja sai ya warware."

Ya ture guntu na biyu gefe. Ya mayar da hoton girmansa, agogo ya fito a kusurwa. Ya kunna sautin. Sannan ya kama bakin guntu na farko ya ja shi dama a hankali. Guntun ya yi ta miƙewa, ya yi ta miƙewa, har ya ƙaru da daƙiƙa arba'in da bakwai.

Ga Baba a bakin matakala. Ya mayar da sandarsa hannun hagu, ya zura na dama a aljihu ya ciro makullin mota. Sai kan wani ya ɓullo daga matakala, sannan kafaɗa, sannan fuska.

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Baba, kawo makullin nan," in ji Yaya Babba na cikin talabijin.

"Motata ce."

"Likita ya ce idonka ba ya gani. So kake ka take ɗan mutane?"

"A cikinta na koya maka tuƙi. Sake ni."

Suka ja. Ba ja mai ƙarfi ba ne, irin wanda ake yi da yaro ne a kan wuƙa. Makullin ya fita daga hannun tsohon. Ɗan ya juya ya sauka da sauri bai waiwaya ba, aka ji ƙarar ƙofar waje. Baba ya bi shi da hannu yana kira, ƙafarsa ta goce, ya fara tangal-tangal, sandar tana neman ƙasa ba ta samu ba. Sai ga Nas a guje.

Almakashi ya tsayar kafin faɗuwar. Ba wanda ke buƙatar sake ganinta.

Yaya Babba ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Ina bakin mota na ji ƙarar," ya ce. "Da na kalli katin na ga kaina. Wallahi ni kaɗai na so cirewa, ban yi niyyar ɗora wa kowa ba. Na ga yadda Auta ke yi, na yi ta ja har na daina ganin fuskata. Da na tura, Gwaggo ta ce, 'Ai tura shi ta yi.' Kowa ya ce haka ne. Na buɗe baki zan yi magana, na kasa. Washegari ya fi wuya. Daga nan kuma..."

"Don ka karɓi makulli wa zai kama ka?" in ji Sufeto. "Ni ma na karɓe na ubana. Amma ka yanka hujja, ka ɓoye kati, ka bar matar mutane a kulle. Tashi mu je."

Gwaggo tana kuka tana cewa bakinta ne, bakinta ne ya ja. Mai walda ya kau da kai daga gare ta. Ya dubi Yaya Babba, ya daɗe yana dubansa.

"Shekara uku tana wanke ubanka," ya ce. "Da kai ka zo ka ce min tsautsayi ne ya same ka, da ni zan raka ka asibiti."

Auta ce ta tura cikakken bidiyon wa 'yan uwa da mutanen layi, da hannunta, kafin motar Sufeto ta bar ƙofar gida. Mai shagon kwana ya kalla, ya ce shi dama bai taɓa yarda ba.

* * *

Ranar Litinin, bayan an sake ta, Nas ta zo shagon tare da mijinta. Ta yi godiya a taƙaice, sannan ta ce tana so ta ga wurin da ta fito.

"Ki bar shi mana," in ji mijin. "Me za ki gani kuma?"

"Ina so in gani."

Almakashi ya kunna mata. Ta kalla, ta ce ya mayar, ya mayar. Sau uku.

"Kwana biyun da na yi a can, ba kullewar ce ta dame ni ba," ta ce. "Tunani nake, da na rufe famfon da wuri. Da ban tsaya matse tawul ba."

Ya faɗaɗa layin, ya sa ta matso.

"Ga inda kika leƙo. Ga inda hannunki ya taɓa rigarsa. Mu ƙirga." Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, tana bin yatsansa da ido. "Arba'in da ɗaya. Daƙiƙa biyu ba su cika ba, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin matakala, da jiƙaƙƙen silifa. Kuma duba tawul ɗin. Ba ki matse shi ba, a ƙasa kika yar."

Ta daɗe tana kallon tawul ɗin a kan allo. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki jakarta.

"Mu je gida," in ji mijin.

"Ka fara sauke ni a asibiti."

"Wurin su? Bayan duk abin da suka yi?"

"Ba wurinsu zan je ba. Auta ta ce Baba ya farfaɗo jiya, kuma tun safe ya ƙi karɓar magani a hannun kowa. Ba su san sai an fara yi masa zancen motarsa yake buɗe baki ba."

Mai walda ya dubi Almakashi kamar mai neman a raba su. Almakashi ya ɗaga kafaɗa, ya juya ga kwamfutarsa. Mutumin ya yi ajiyar zuciya, ya fita ya tayar da babur.